Yaya Kamaruddeen Da Lambun Da Aka Kashe Masa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan azahar, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Kamaruddeen Mai Fulawa, a ƙauyenmu da ke arewa da Ungogo.

Yaya, a garin da kowa ke shuka gero da wake, kai ka zaɓi ɗan itacen adon nan mai ƙananan ganye, wanda ake yi wa aski da almakashi. An yi maka dariya. Itacen ba ya son zafin ƙasarmu, sai ka kafa masa rumfar zana, kana jan ruwan rijiya safe da yamma. Shekara goma sha ɗaya kana datsa, har wani ya zama ƙwallo, wani tulu, wani hasumiya. Ranar da 'yata Humaira ta tare, tukwane biyu na shukar itacen ka ɗora a baro, ka tura da kanka har ƙofar ɗakinta. Ka ce mata, "Kada ki aske shi da tsakar rana, ganyen zai ƙone."

Sai Alhaji Zubair ya sayi gonar da ke bayan lambunka, ya yanka filaye, ya ce hanya za ta ratsa ta cikin shukarka. Ka ƙi. Wata Juma'a, kana masallaci, ya turo ma'aikatansa suka feshe lambun da maganin kashe ciyawa. Da idona na gan su. Mako biyu komai ya bushe. Na tarar da kai a durƙushe, kana kankare ɓawon itace da farce ko za ka ga sauran kore. Tun ranar abinci ya daina shigarka. Wata uku ka yi a kwance.

Ka ce mini, "Tahira, ki bar shi da Allah." Na bar shi da Allah, Yaya, amma ban yafe ba. Alhaji Zubair ya zo zaman makokinka da babbar riga da buhun shinkafa. Na sa aka mayar masa da buhunsa har mota. Na ba da shaida gaban dagaci, zan kuma maimaita a kotu. Allah ya isa tsakaninmu da shi. Allah ya hana shi cin moriyar hanyar nan, ya nuna masa bushewar abin da ya fi ƙauna yana kallo.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Larai da 'ya'yanka. Allah ya ba su haƙuri. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka lambun da babu azzalumin da zai iya tsallaka shingensa. Amin.