Kaset ɗin da Yaya Habibu ya ba ni amana

Ni ne mai laifi. Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Habibu, kuma sai makon jiya na iya buɗe baki na faɗa.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana cikin ma'aikatan farko da aka ɗauka lokacin da jiharmu ta buɗe gidan talabijin nata. A zamanin, unguwa guda kan taru a gida ɗaya mai talabijin, a ga manomin ƙauyen kusa yana bayanin irin gero, ko makaɗin da kowa ya sani. Yaya ne mai kula da ɗakin ajiyar kaset.

Daga baya aka daina sayen sabbin kaset. Duk ranar da gwamna zai buɗe rijiya, sai a aiko a ɗauki tsohon kaset a naɗi bikin a kansa. Haka aka shafe wasannin kwaikwayo, aka shafe tsofaffin da suka ba da tarihin garuruwansu. Yaya ya yi ƙorafi har ya gaji. Sai ya koma rubuta "ya lalace" a jikin waɗanda ya fi jin tsoron a rasa, yana kai su gida.

Da na je ganin gida daga ƙasar waje, ya haɗa ni da kwali guda na kaset ɗin. Ya ce, "Ku can kuna da injin komai. Ka sa a juye su a kwamfuta, ba sayar da man shafawa kawai ya kai ka ba."

Na kawo su Bronx, inda nake zaune, na ajiye a ɗakin ƙarƙashin shagona a unguwar Mount Hope, kusa da injin ɗumama gida. A tunanina sito ne irin na gida, busasshe. Ban tambayi kowa ba. Kullum sai gobe. In ya kira ya ce, "Isuhu, ina amanata?" sai in ce ana kan aiki. Wata shekara ruwa ya shiga ɗakin, na ɗora kwalin a kan kujera ban ko buɗe ba. Sai bayan rasuwarsa na kai wa mai juyewa. Mutumin ya buɗe ɗaya bayan ɗaya: fumfuna ta cinye su, zaren ya manne. Ko guda bai fita ba.

Bana gidan talabijin ɗin yana bikin tunawa da kafuwarsa. Suna roƙo a intanet, duk mai tsohon shiri ya taimaka. Abin da suke nunawa a matsayin tarihinsu jawaban gwamnoni ne. Ina kallo a waya ina tsaki, kamar ina da bakin magana. Da Yaya na raye, wa zai fara tuhuma? Su sun shafe rabi, ni na ruɓar da abin da ya tsirar. Aikinsa yanzu sai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka kalla da idonsu, su ma ƙarewa suke yi.

Makon jiya matarsa, Anti Rabi, ta kira ni da murna. "Na gaya musu kayan yayanka suna wajenka. Sun ce za su nuna, har su ambaci sunansa. Yaushe za ka turo?"

Na ce, "Anti, babu abin turowa. Sun lalace a hannuna, ba ruwan kowa. Ƙarya na yi ta yi masa har ya koma ga Allah. Shi ba ni da inda zan same shi. Ke da yara nake roƙo, ku yafe mini."