Sunan Mahaifiyata a Takardar Wani

Mu biyar ne a ɗakin ranar: ni, da 'yata ta fari, da ɗan wan mijina da ya zo Umra daga Kano, da matarsa, sai wata Hajiya 'yar Kano da ke sarin kayana duk shekara. Ni kuwa a lokacin mace ce da ake shakka a layinmu na Nuzla. A nan Jidda aka haife ni, ban taɓa shiga aji ba, amma shekara talatin ina haɗa humra da turaren wuta, kuma ba a kawo mini sandal na algus in kasa gane shi tun daga bakin ƙofa. Kowace kwalba da sunan mahaifiyata a jikinta, don ita ta koya mini.

Shekara biyu kafin nan, ɗan wan mijin nawa ya zauna gabana yana ta Inna kaza Inna kaza, ya ce kayana sun yi suna a Kano, in ba a yi musu rajista a can ba wasu za su ɗauke sunan. Ya kawo takardu da Turanci. 'Ya'yana da jikokina duk Larabci suka karanta. 'Yata ta ce a kai wa mai fassara a unguwar Safa, na daka mata tsawa, na ce ɗan gida ne, ba zan kunyata shi gaban bare ba. Mu da muka taso muna ganin shago da sunan kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, alhali kowa ya san mai shi, na ɗauka takarda ta hukuma ce kawai, gaskiya tana bakin mutane. Na dangwala yatsa wuri uku, na ce halas, shi ke nan.

To ranar muna cin abincin rana Hajiyar ta shigo. Ko zama ba ta gama ba ta ce bana ba za ta ɗauki kaya ba, domin lauya ya kai mata takarda shago, wai sunan nan yana da mai shi a Kano, nawa jabu ne. Na dubi ɗan wan mijina, na ga ya ajiye cokali. Na tashi na ciro nawa kofen takardun daga ƙasan akwati na miƙa mata, na ce ta karanta da ƙarfi ta fassara, kada ta tsallake komai. Ta karanta. Kamfani nasa ne shi da matarsa, yatsana kuma shaida ce cewa na sallama musu sunan. Ya fara cewa ai tsari ne na can, ba zan gane ba, don kare ni ya yi. Na tambaye shi wa ke haɗa abin da yake zubawa a kwalaben da yake sayarwa da sunan a Kano. Matarsa ta sunkuyar da kai. Ban zage shi ba. Na ce su ƙarasa cin abinci, tunda a gidana ba a tashi a bar tuwo, sannan su ɗauki jakarsu.

Abin da ya fi cina, ba wayo ya fi ni ba, girman kaina ne ya kayar da ni, ga 'yata da na tsawatar tana zaune komai a kan idonta. 'Yan uwana mata masu sana'a a ƙasar nan, duk wadda za ta yi rajista a can gida, kada ta sa yatsa sai wanda ba shi da rabo a ciki ya karanta mata, ko da ɗan cikinta ne ya kawo takardar. Can takarda ce mai magana.

Washegari bayan asuba na ɗebo ruwan ɗumi a baho, na jera kwalabena, na jiƙa su ɗaya bayan ɗaya ina ɓare sunan mahaifiyata da farcena.