Tsarabar Ƙauye Guda

A shagon Baba Mahmudu da ke unguwar Jarwal a Makka nake kallonsa: dogon dattijo Ba'amurke, hannuwansa da kanta irin na manomi. Yana jera dabino kan teburi, yana nuna mana ƙauyensu da guntun Larabcinsa. Nan rafi, nan gonakin masara, nan tashar jirgin ƙasan da ta mutu tun zamanin kakansa. A da su dubu ne a ƙauyen, yanzu saura casa'in da uku, kuma ya rantse kowa sai ya samu tsaraba.

Na ƙirga ƙullin dabinon da ya saya, casa'in da huɗu!

"Ya Hajji, ka yi ƙari," in ji Baba Mahmudu.

Dattijon ya girgiza kai, bakinsa har kunne. Maƙwabciyarsa ce ke da tsohon ciki, kuma rabon ƙauyen da haihuwa shekara tara ke nan.