Wagashin Dela da Daminar da Na Rasa

Dela ba ta gama firamare ba. Na fara da wannan ne don a san da wadda ake gwada ni, ni da na gama sakandare har malamar girke-girke tana ɗaga tuwona tana nuna wa aji. Yau in ka shigo unguwarmu a Bagudo ka tambayi wadda ta iya girki, ƙofar Dela za a nuna maka. Ƙofar tana manne da tawa, sai an wuce tawa ake isa gare ta.

A Lolo aka haife ta. Ubanta yana tuƙa kwalekwale, yana ƙetarar da 'yan kasuwa. Uwarta Bafillata ce daga wata ruga a tsallaken iyaka, can wajen Segbana. Tana shekara tara uwar ta rasu, kakarta ta zo ta ɗauke ta, ta tafi da ita rugar. Shekara bakwai ta yi tana tatsa, tana wanke ƙore, tana kallon hannun tsohuwa. Ta dawo da Fillanci a baki, da Dandanci, yaren mutanen bakin kogin can, da ƙirgen Faransanci, ga Hausarta da har yau take jan ta kamar mai jin barci. Aka aurar da ita ga Namadi mai gyaran injin ban-ruwa, suka haifi 'ya'ya huɗu. Shekara shida ke nan da zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar dashen shinkafa, bai tashi ba. Wansa ya ba ta gidan da ke jikin nawa, ta kwaso tukwanenta ta tare.

Ba kyau gare ta ba. Gajeruwa ce, tana da wushirya, zaninta kullum a karkace. Ba ta auna komai. Gishiri da hannu, ruwa da ido. Ranar kasuwar Lolo tana fita da robar cukun da take yi a ka, kafin azahar ta sayar ta dawo. Da wannan ta riƙe yaran nan, babu wanda ya taɓa ganin ta a ƙofar wani tana roƙo. Wannan kam na shaide ta.

To ga abin da ya haɗa mu. Mu uku ne tun muna makaranta, ni da Rahmatu da Zakiyya. Bayan kowa ta yi aure muka raba shekara a tsakaninmu don kada zumunci ya mutu. Rahmatu ke da kaka, ita ke yi mana tuwon sabuwar shinkafa da miyar taushe. Zakiyya ke da lokacin sanyi, dambun zogale da bandar kifi. Ni ke da damina. Asabar ta farko bayan ɗanyar kuɓewa ta shigo kasuwa, a gidana ake taruwa. In yi tuwo mai laushi, miyar kuɓewa da ɗanyen tarwaɗa, kwaɗon rama a gefe, in an yi sa'a gero ya yi ido a gasa tumu. Doka ɗaya muke da ita: mai lokaci ita kaɗai ke ɗora tukunya, sauran su zo da bakinsu kawai. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da damina, ko da ciki wata tara ban taɓa ɗagawa ba.

Ni na kira Dela. Wannan shi ya fi ci mini rai. Ta fita takaba ba da daɗewa ba, ba ta san kowa ba, ina jin motsinta ta bayan danga ita kaɗai. Na leƙa na ce, “Maƙwabciya, Asabar ki shigo ki ci abinci da mu.” Ban faɗa mata dokar ba, don ban zaci matar da ke fama da marayu za ta zo da wani abu ba.

Sai ga ta da kwano a rufe. Ta durƙusa ta ce, “Yaya Sakina, ga ɗan abin taɓawa, babu yawa.”

Wagashi ne, cukun nan na Fulanin Benin, an rina bayansa ja da karan dafi, an yanka an soya. Zakiyya ta ɗauki ɗaya don kara. Ta tauna, ta sake miƙa hannu.

“Ke Rahmatu, aje kifin nan ki ji wani abu.”

Rahmatu ta ji, ta ce, “La ilaha! Dela, da hannunki kika yi wanga? Ina kika ɓoye tun tuni?”

Suka dinga tsoma shi a miyata, miyar da na tashi tun asuba ina kaɗawa. Ranar, karo na farko a tarihin gidana, kifi ya yi kwantai. Mijina Badamasi ya dawo, ya ga guntu biyu da suka rage a kwanon, ya cinye a tsaye, ya tambaye ni ko akwai saura.

Shekara ta zagayo, Rahmatu da bakinta ta ce wa Dela kada ta manta da abin nan. A gidana, a gabana, dokar da muka riƙe tun muna amare ta tashi ba wanda ya yi mata salati. Shekara ta uku suka fara cewa “ranar wagashi” in suna nufin ranata. Na gyara musu sau biyu, suka yi dariya, Zakiyya ta ce, “Kai Sakinatu, ke da kishi kamar an taɓa miki gado.” I, kishi nake yi. Ban ɓoye ba a lokacin, ba zan ɓoye yanzu ba.

Bara na ce ya isa. Abin da matar da ba ta iya rubuta sunanta ba take yi, ni ma zan yi. Tambayarta kuwa, Allah ya kiyaye. Na jawo turmi jikin danga na hau, kwana uku ina leƙenta da safe. Na ga tana ɗora madarar shanu sabuwar tatsa a wuta kaɗan. Na ga ta karyo tumfafiya daga bayan gida. Na ga madarar ta kama, ta ware da ruwa, tana kwashewa a 'yan kwanduna. Abin da take yi da tumfafiyar tsakanin karyowa da zubawa ne ban gani ba, don a lokacin tana ba ni baya. Na ce wannan ai hankali ma ya isa. Tumfafiya farin ruwa gare ta kamar nono, shi ne sirrin.

Na aika wa Dela cewa wannan karon kada ta wahalar da kanta, ta zo hannu sake. Na sayi madara wurin wata Bafillata da ke zuwa daga hanyar Sharabi. Na karyo rassa cike da hannu, na dinga ɗiga farin ruwan nan a tukunya har na tara kusan ludayi. Madara ta kama nan take. Na rina, na yanka, na soya. Wallahi a ido ya fi nata kyau. Ban ɗanɗana ba, don ni ba na ɗanɗana girkina, hancina ya ishe ni, kowa ya san ni da haka.

Suka zo, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na ajiye kwanon a tsakiya na buɗe da kaina.

Zakiyya ce ta fara. Ta gatsa, fuskarta ta tattare wuri guda, ta juya ta tofar a ƙasa.

“Sakinatu! Maganin shawara kika dafa muna?”

Rahmatu ta lasa kawai ta nemi ruwa. “Subhanallahi, ya fi maɗaci. Mi muka yi miki, 'yar uwa?”

Na tsaya da murfin kwano a hannu, na rasa inda zan sa idona. Sai Dela ta matso. Ta ɗauki guda ta ci, ta haɗiye. Ta ɗauki na biyu. Rahmatu ta riƙe mata hannu ta ce ke kina hauka ne, ta zame ta ɗauki na uku, ta ce, “Suyar ta yi kyau, Yaya. Gishiri ma ya ji.”

Kafin la'asar ta fara amai da gudawa. Kwana biyu ta yi a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Na dama kunu na kai mata, don ko ba komai ni na jawo. Na same ta a kwance, ido ya faɗa, tana ganina ta fara murmushi da wushiryar nan.

Na ce, “Ke da kin san abin da ke ciki, don me kika ci?”

Ta ce, “Lokacin da babu mai kirana, ke kika kira ni. Ba ni tofar da abincinki gaban mutane.” Ta ɗan huta, ta ƙara da cewa, “Ba a ɗiga ruwan, Yaya. Ɗan kara ake yankowa kamar tsawon yatsa, a daddaka, a jiƙa a madara kaɗan, a tace. Da kin tambaye ni ai da na zo mun yi tare. Ina ganin kanki bisa danga, na ɗauka kunya kike ji.”

Ashe tana ganina. Kwana uku ina tsaye a kan turmi kamar akuya, tana ganina, ta yi kamar ba ta gan ni ba.

Labari ya zaga unguwa. Ba wanda ya tsaya a kan cewa na yi ƙoƙari. Abin da ake faɗa a gidan suna da wurin niƙa shi ne Dela mai kara, Dela 'yar halak, ta ci guba don ta rufa wa maƙwabciyarta asiri. Kuskuren ma da na yi, ita ya ƙara wa daraja.

Bayan sati biyu Rahmatu da Zakiyya suka zo mini tare, suka zauna a bakin gado suna ta kewaye-kewaye. Na ce su faɗi abin da ya kawo su. Rahmatu ta ce ai na san madara sai da damina take wadata, lokacin da shanu ke samun ɗanyar ciyawa, don haka ya fi dacewa a bar wa Dela damina. Ni kuma in ɗauki bazara, tunda dama babu mai ita.

Bazara! Lokacin da babu ko ganye ɗaya ɗanye a kasuwa, sai kuka da busasshiyar kuɓewa, zafi ya hana kowa cin abin kirki. Na ce shekara ashirin da biyu, abin da na samu ke nan? Zakiyya ta ce, “Haba, miyar kukarki ma ai ba ta da na biyu.” Na ce ta riƙe yabonta.

Dela, da ta ji, ta shigo har ɗaki ta ce ita ba ta karɓa sai da yardata. Ta durƙusa tana jira. Me zan ce? In na hana, a ce na kusa kashe ta kuma na hana ta. Na ce ta ɗauka.

Bana a gidanta aka yi. Na rantse ba zan je ba, amma da na ji dariyarsu tana tsallako danga, na ga zama a ɗaki ya fi zuwan ciwo, na yafa mayafi na shiga. Ta ba ni wurin zama mafi kyau, ta zuba mini da hannunta. Na ci, na ƙara, don ƙarya ba halina ba ce, abincin ya yi daɗi. A loma ta biyar na ci karo da gudaji a tuwon, ƙato, ɗanyen gari a cikinsa. Na ɗaga shi sama na ce, “Ku duba nan.” Rahmatu ta ce in miƙo mata kwanon wagashi tunda hannuna yana kusa.