Shekarar da Aka Rasa Masu Ɗaukar Buhu

Mu ashirin da ɗaya ne a gidanmu sa'ad da nake yaro, a wani ƙauye gabas da Hadejia, kan hanyar Guri. A shekarar da nake ba da labarinta saura mutum bakwai: Baba, Inna, matan ƙannena biyu da 'ya'yansu uku. Tun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa kifi ya ja baya, shinkafa kuma ruwa ke cinye ta kafin ta nuna. Ƙannena suka tafi kudu neman na abinci. Ni kuwa ina koyarwa a firamare a Hadejia, ina hayar ciki da falo da matata da 'ya'ya huɗu.

A tsakiyar damina Baba ya kira ni a waya.

"Ruwa ya iso gindin tsamiya," in ji shi. "Ka zo da buhuna, ko nawa ka samu."

Tsakanin tsamiyar da katangarmu bai fi taku arba'in ba, kuma gidan duk ginin ƙasa ne. Na sayi buhunan da na samu na hau mota. Dama da hagu gonaki sun zama tafki.

Mai unguwa ya sa aka yi shelar aikin gayya don a ɗaga jingar da ke tare ruwa. A da, in aka yi wannan kira, samari har gasa suke yi. Ran nan na duba waɗanda suka fito. Kusan duk masu furfura ne. Na ga Baba da ƙanensa sun kama buhu ɗaya, suna tafiya suna ajiyewa. Daga baya mata suka fito da kwanukan wanki suna ɗebo yashi, ba wanda ya ce su koma.

Da muka zauna hutawa na ce, "Baba, ku taho Hadejia har ruwan ya janye."

Ya daɗe yana duban ƙafafunsa da suka yi fari saboda jiƙa.

"Ɗakin naka zai ɗauke mu bakwai?"

Ya san ba zai ɗauka ba, ya kuma san albashina.

Jingar ta riƙe, amma danshi ya bi ta ƙasa. Bayan kwana tara ɗakin Inna ya zube da hantsi, tana tsakar gida tana tankaɗe. Na tafi da ita da yaran uku, muka shimfiɗa musu tabarmi a falo. Baba ya ƙi motsawa, ya ce gidan da ba mutum a ciki shi ne ke fara faɗuwa.

Da rani na sayi bulo kaɗan na jibge a gidan, har yau ban samu halin ginawa ba. Ƙanena ƙarami ya yi waya kwanan baya, yana so matarsa ta bi shi kudu bayan sallah. Ban gaya wa Baba ba tukuna.