Na hana a watsa wa gobarar shagon wake ruwa

Jama'a, yau saura ƙiris a dake ni a kasuwar Mai'aduwa!

Da hantsi aka kira mu, shagon wake ya kama wuta. Muna isa na ji warin tafarnuwa. Gabana ya faɗi! Makon jiya a wurin horo malaminmu ya ce in ka ji warin nan a shagon hatsi, ƙwayar kashe ƙwari ce, ruwa na taɓa ta sai ta saki iska mai kisa.

Na ce wa mai shagon, "Alhaji, akwai ƙwayar wake a ciki?"

Ya ce, "Kwali biyu. Kai dai watsa ruwa!"

Na ce, "Wallahi ko ɗigo."

Kasuwa ta ɗauki ihu, wai 'yan kwana-kwana sun zo kallo! Alhaji ya fizgi tiyo. Na kashe inji, na jefa makulli aljihu. Muka kori mutane baya, muka bi wutar da yashi har ta mutu. Rabin waken ya ƙone.

Alhaji ya rantse sai ya kai ni gaban alƙali.

Na ce, "Bismillah, Alhaji. Ai da ƙafarka za ka je, ba a makara ba."