Ranar da Baffana Ya Juye Mini Kwalabe

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, ina digiri na biyu a fannin ilimin duwatsu, ina zaune a gidanmu na gado cikin Birnin Zazzau. Aikina shi ne in ɗebo yashi daga rafuka daban-daban, in tace, in tsinto wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli da ake kira zirkon. Kowace ƙwaya tana da sinadarin yuraniyam da ke rikiɗa ya koma dalma a hankali. In aka auna, sai a san shekarun dutsen da ta ɓalle daga jikinsa, a gane daga inda ruwa ya kwaso ta. Da haka ake bin diddigin yadda ƙasar yankin ta samu.

Na fi shekara ina tsintarsu da tsinin allura ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, har idona ya fara ruwa. Kowane rafi da kwalbarsa. Malamina ya samo wanda zai tafi da su Turai, don babu na'urar awon a nan. Sai aka shiga yajin aiki a jami'a. Ni sarkin dabara, na kwaso su na kawo gida, wai sun fi tsira a ɗakina.

Ran nan na dawo daga Ƙofar Doka, na tarar da baffana, ƙanin mahaifina, a zaure, da kwalba ɗaya a hannu.

"Kai yaro, ashe wahalar banza kake," in ji shi. "An ce ka samo lu'ulu'u kana ɓoye wa dangi. Na kai wa mai sayen duwatsu, ya ce ko kwalli ya fi su daraja."

"Baffa, ina sauran kwalaben?"

"Na juye maka wuri ɗaya. Kowace ɗan mitsitsi, ina amfanin tarkace?"

Zirkon ɗin da ba a san rafinsa ba, yashi ne kawai. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifiyata ta leƙo daga tsakar gida.

"Kul! Ubanka ne."

Na haɗiye. Mai tafiya Turai ya tafi hannu rabbana, ni kuma na koma bakin rafi na faro daga tushe. Abokan karatuna suka gama suka bar ni. Baffa bai taɓa ce mini yi haƙuri ba. Ranar da na kammala ma, shi ya fi kowa baza babbar riga, yana gaya wa mutane shi ya rene ni.

Ya rasu tuntuni, kuma ina yi masa addu'a. Asarar aikin na daɗe da yafewa, don bai san abin da ya ɓata ba. Amma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Kullum tare muke cin tuwo a zauren nan, tambaya ɗaya ta ishe shi. Ya gwammace ya ɗauke ni ɓarawo.